Babi na 4: Karanta allunan gargaɗi a ƙasar Japan

Wannan babi na waɗanda suka sauka Japan ne, ko suke shirin tafiya, ko don karatu, ko sayen kayan gyaran mota, ko bin maigida, alhali ba su san ko harafi ɗaya na rubutun ƙasar ba. Kada gabanku ya faɗi. Jerin haruffan yau da kullum da gwamnatin Japan ta fitar a 2010, waɗanda suke kira kanji, guda 2,136 ne. Mu ba ma neman su duka. Ashirin da 'yan kai sun ishe mu mu san inda ake shiga, da inda ake fita, da inda in mutum ya sa ƙafa zai ji ciwo. Ku tanadi fensir da littafin lissafi mai gida-gida, harafi ɗaya gida ɗaya. Wanda ya yi babbaƙu a makarantar allo ya san yadda abin yake: a kalla, a zana, a faɗa da ƙarfi, a wanke, a sake.

Darasi na 1: Baki, shiga da fita

Ku kalli wannan: 口. Akwati ne mai kusurwa huɗu, babu komai a ciki. Ma'anarsa baki. Yadda muke cewa bakin ƙofa ko bakin kasuwa, haka su ma suke kiran mashiga da mafita da baki. Duk inda kuka ga wannan akwati a ƙarshen kalma a saman ƙofa, hanya ce ta wucewa. Ku zana shi sau 10.

出口 ana karanta shi deguci, wato mafita. Harafin farko, 出, kamar cokali mai yatsu uku ne aka ɗora a kan wani.

入口 ana karanta shi iriguci, wato mashiga. Harafin farko, 入, kamar ƙafafu biyu ne a buɗe. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi ƙwarai, 人, wanda ke nufin mutum. Ga bambancin: a 入 dogon zanen na dama ne, kuma a rubutun bugu yana da ɗan baki a sama da ke leƙen hagu. A 人 dogon zanen na hagu ne, na dama ya jingina da shi. In kun rikice yau, ba komai. Kowa ya rikice a makon farko.

Darasi na 2: Haramcin yana ƙarshe

Nan ne nake so ku zauna sosai, domin nan ne na ga mutane sun fi faɗuwa.

Bahaushe in zai hana ka abu, da hanin yake farawa. "An hana shiga." "An hana ajiye mota." "Kada ka taɓa." Kalmar farko ta riga ta tsayar da kai. Bajapane kuwa sai ya fara ambatar abin, sa'annan a ƙarshe ya ce an hana. Allonsa cewa yake: "Shiga, an hana." "Ajiye mota, an hana." Wanda ya karanta rabin farko ya tafi, ya karanta kishiyar abin da aka rubuta.

Ga kalmar hanin: 禁止. Ana karanta ta kinshi. Harafin farko, 禁, bishiyoyi biyu ne a sama, 木 da 木, a ƙarƙashinsu wani abu kamar tebur mai ƙafa uku. Na biyu, 止, zane huɗu ne kacal, ma'anarsa tsayawa. Bishiya biyu a kan tebur, sai tsayawa. Ku zana 禁止 sau 20, kuna faɗin kinshi, an hana, kinshi, an hana. Sau 20 na ce, ba 5 ba.

Yanzu ku kalli wannan allo: 立入禁止. Ana karanta shi taci-iri kinshi. Haruffa nawa ne? Huɗu. Ku ɗora yatsa a kan na biyu. Kun gane shi, 入 ne, shiga, abokinmu na darasin farko. Zuciya za ta yi murna ta ce ga mashiga. Kada ku ɗauke yatsa. Ku ja shi zuwa na uku da na huɗu. Me kuka gani? Bishiya biyu a kan tebur, sai tsayawa. An hana shiga.

Wani dattijo da na koyar, mutum mai kaifin basira wanda ya haddace 入口 a zama ɗaya, ya je wani fili da ake kwance tsofaffin motoci don duba injuna. Ya ga ƙofar waya da allo ja, ya hango 入 a ciki, ya tura ya shiga. Wurin da ƙugiya ke ɗaga motoci sama ne. Ma'aikaci ya yi ta ihu har ya janyo shi waje. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi sai kunya. Da ya dawo aji ya ce mini, "Malam, ai na ga shiga." Na ce, "Alhaji, ka ga shiga, amma ba ka ga ƙarshe ba." Rabin laifin nawa ne, don na koya masa shiga ban koya masa hani a rana ɗaya ba. Shi ya sa yanzu ba na barin kowa ya tashi daga aji da darasin farko shi kaɗai.

To ga yadda za ku riƙa yi da kowane allo. Ku tsaya cik. Ku kai ido ƙarshen rubutun tukuna. In akwai 禁止, an hana wani abu. Sa'annan ku dawo farko ku nemi abin da aka hana. In ba ku gane abin ba, ku bar duk abin da kuke shirin yi a wurin, ku tambaya. Ƙarshe, sannan farko.

Mu gwada. 駐車禁止. Ƙarshe tukuna: kinshi. An hana me? 車 mota ce, ku ga kamar sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi in an kalle ta daga sama. An hana ajiye mota, cusha kinshi.

撮影禁止. Ƙarshe tukuna: kinshi. Haruffa biyun farko masu wuya ne, ba sai kun iya zana su ba, galibi akwai hoton kyamara kusa. An hana ɗaukar hoto.

遊泳禁止, a bakin teku ko kogi. Ina za ku fara dubawa? Ƙarshe. An hana iyo.

使用禁止, a jikin na'ura ko ƙofar bayan gida. Ƙarshe. An hana amfani da shi.

進入禁止. Ga 入 ya sake zuwa ya yaudare ku. Ƙarshe! An hana shiga ta nan.

Na san wasunku sun tsallake misalan nan suna cewa sun riga sun gane. Ku koma. Haba, jama'a. Kun iya lissafin kuɗin kwantena da ka, kun iya canjin yen zuwa naira ba tare da takarda ba, amma kallon haruffa biyu na ƙarshen allo ya zama aiki? Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, gaggawa ce. Ido ya saba tun yarinta da samun hani a farko, kuma ba ya sake hali don an gaya masa sau ɗaya. Sai an maimaita har yatsa ya riƙa tafiya ƙarshe da kansa. Ku rufe littafin, ku zana 禁止 da ka, ku buɗe ku duba. Wanda ya manta bishiya ɗaya ya sake sau 10.

Darasi na 3: Allo a tsaye, da hani cikin ladabi

Wasu allunan daga sama zuwa ƙasa ake rubuta su. A nan ƙarshe shi ne ƙasa. In layukan tsaye sun fi ɗaya, daga dama ake farawa a tafi hagu, kamar yadda masu ajami suka saba. Saboda haka hanin yana can ƙasan layin hagu, inda ciyawa ko keken wani kan rufe shi. Ku sunkuya ku duba.

Akwai kalmar da ta fi kinshi zafi: 厳禁, genkin, an hana ƙwarai. Ita ma a ƙarshe take, kuma ga bishiyoyinku biyu a ciki. 火気厳禁 a gidan mai da wurin ajiye gas, ba a kawo wuta kusa. 土足厳禁 a bakin ƙofa, ba a shiga da takalmi. Wannan ba baƙo ba ne ga mai zuwa masallaci.

Wuri ɗaya da za ku yawaita ganin bishiyoyin a farko shi ne 禁煙, kin-en, an hana shan taba. Ko a farko ko a ƙarshe, in kun ga 禁, hani ne.

Sai hanin da ke sanye da rigar ladabi. ください, kudasai, na nufin don Allah. Ɗalibai kan gan shi su ɗauka gayyata ce. Ku duba abin da ya gabace shi. In akwai ないで, naide, to "don Allah kada" ake nufi. 入ってください, don Allah shigo. 入らないでください, don Allah kada ka shigo. Farkonsu ɗaya, wutsiyarsu ɗaya, bambancin yana gab da ƙarshe. Haka kuma ご遠慮ください, go-enryo kudasai. Lafazinsa "a yi haƙuri a bari", kamar yadda dattijo kan ce maka "da dai ka haƙura". Ba shawara ba ce, Hajiya. An hana ne.

Darasi na 4: Haɗari, hattara, tsaya

危険, kiken, haɗari. Yawanci ja ne, ko baƙi a kan rawaya. Ku ja da baya.

注意, cui, a yi hattara. Harafin farko yana da ɗigon ruwa uku a hagu. Ita ma a ƙarshe take zuwa: 足元注意, a kula da inda ake taka ƙafa, 頭上注意, a kula da abin da ke saman kai. Ba a hana ku wucewa ba, an ce ku buɗe ido.

止まれ, tomare, tsaya. Allo ne ja mai kusurwa uku, tsininsa na kallon ƙasa, kuma ana rubuta shi da farin fenti a kan kwalta. Ga 止 da kuka zana sau 20. Ya shafi mai keke kamar yadda ya shafi mai mota. Ku tuna a Japan ta hagu motoci ke tafiya, don haka dama za ku fara dubawa kafin ku tsallaka titi.

Ɗaya kuma na cikin gida ne, kuma ina roƙonku ku riƙe shi: まぜるな危険, mazeruna kiken, kada a gauraya, haɗari. Yana jikin robar ruwan bilic da ta ruwan wanke bayan gida mai asid. In aka haɗa su biyun, iska mai guba ke tashi, kuma a ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga tana iya kisa. Ɗabi'ar haɗa magungunan wanki don su ƙara ƙarfi, a bar ta.

Darasi na 5: Girgizar ƙasa

Japan ƙasar girgiza ce. Ta Kobe, ranar 17 ga Janairu 1995, ta kashe mutum sama da 6,000. Ta 11 ga Maris 2011 a arewa maso gabas ta tayar da igiyar teku, tsunami, wadda ta shafe garuruwan gaɓa, kuma ruwan ne ya ci yawancin rayukan.

非常口, hijoguci, ƙofar gudun tsira. Koren allo ne da hoton mutum yana gudu ta ƙofa. Ga bakinmu 口 a ƙarshe. Ranar da kuka sauka a kowane masauki, ku neme ta kafin ku kwanta.

避難場所, hinan basho, wurin da ake gudu a tsira nan take, kamar fili ko tudu. 避難所, hinanjo, wurin da ake zama a kwana in gida ya lalace, sau da yawa makarantar unguwa. 津波 shi ne tsunami. In kuna kusa da teku ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ku hau tudu, kada ku jira sanarwa.

Lambobin wayar gaggawa: 'yan sanda 110. Gobara da motar asibiti 119.

Darasi na 6: A kanti

お酒, osake, giya. Wasu gwangwanaye suna da hoton lemo ko inabi kamar lemon sha, amma da wannan alama a jiki. 豚, alade. 肉, nama.

Darasi na 7: Ƙofofi

押, tura. 引, ja. 男, maza. 女, mata.

Aikin gida: ku ɗauki hoton alluna 5 a unguwarku, ku kwafe su a littafi, ku ja layi a ƙarƙashin haruffa biyun ƙarshe na kowanne. Wanda bai kawo ba zai zana 禁止 sau 50 kafin ya zauna.