Kafin ka yi rebase bayan sauya sunan fayil

'Yan uwa masu aiki da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, a kula kafin a yi rebase, wato sake ɗora sauye-sauyenka a kan wani reshen aiki: Git ba ya ajiye labarin sauya suna, ko da `git mv`, umarnin sauya sunan fayil, ka yi. Kintata yake yi. In tsohon fayil da sabo sun yi kama da aƙalla kashi 50 cikin 100, sai ya ce abu ɗaya ne. Shi ya sa nake ware sauya sunan a kwamit (ajiya guda ta sauye-sauye) nasa shi kaɗai, gyaran ciki ya biyo baya. In ka riga ka cakuɗa su, gwada `git rebase -X find-renames=30%`, wanda ke rage kamar da ake buƙata zuwa kashi 30, amma ka duba sakamakon, don yana iya haɗa fayilolin da ba dangi ba. In kuwa kwafin fayil ka yi, gyaran asalin ba ya bin kwafin. Da hannu za ka kai masa.