Yadda Za a Shawo Kan Yaron da Ba Ya Son Rubutu

Yaron da ake miƙa wa fensir ya murtuke fuska, ko ya ce fitsari yake ji, ko ya yi ta fiƙe fensirin har ya kusa ƙarewa bai rubuta layi ɗaya ba, galibi ba ƙiwa ke damunsa ba. Rubutu kaya uku ne ake ɗora wa yaro a lokaci guda: hannu na zana harafi, ƙwaƙwalwa na neman yadda za ta haɗa baƙi da wasali, kuma tana riƙe da abin da ake son faɗa. Babba ya saba da biyun farko har ba ya jin nauyinsu. Ɗan shekara 6 ko 7 kuwa, kafin ya gama kokawa da harafin "g", jimlar da ke kansa ta gudu.

Don haka kafin lallashi ko faɗa, ku gano wane kayan ne ya fi ƙarfinsa. Ku ba shi jimla biyu ya kwafa, ku zuba wa hannunsa ido. Wata rana ku yi masa shiftar kalmomi biyar da ya sani. Sannan ku ce ya ba ku labarin abin da ya faru a filin wasa, da baki kawai. Inda ya tsaya cak, nan matsalar take.

Idan hannu ne, za ku ga yatsunsa sun ƙame, yana danna fensir har rubutun ya fito ta bayan takarda, bayan layi biyu yana yarfe hannu. Riƙon da ya fi sauƙi shi ne babban yatsa da manuniya su kama fensir, ya kwanta a kan yatsan tsakiya, kimanin santimita biyu daga bakinsa. Guntun fensir ya fi dogo amfani a nan, domin gajartarsa ba ta barin yaro ya dunƙule shi da tafin hannu duka. Fensir mai laushi, wanda aka rubuta wa B ko 2B, yana fito da baƙi ba sai an danna ba. Ku duba zamansa ma: tafin ƙafa a ƙasa, teburi daidai gwiwar hannu. Yaron da ƙafarsa ke reto a kan kujera, ƙarfinsa na tafiya ne wajen daidaita jiki. Yanka takarda da almakashi, murza yumɓu, da zana manyan haruffa da alli a allon bango ko da yatsa a cikin yashi, duk suna ƙarfafa hannun ba tare da yaron ya ji ana sa shi aiki ba.

Bahago kuma, kusan mutum ɗaya cikin goma ke nan, kada a tilasta masa komawa dama. A karkata masa saman takardar zuwa dama, ya riƙe fensir ɗan sama kaɗan don ya riƙa ganin abin da ya rubuta, kuma a zaunar da shi a gefen hagu na teburi don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zama.

Wanda bakinsa cike yake da labari amma takarda ta tsorata shi, ku sauke masa kaya ɗaya. Ya faɗa, ku rubuta masa daidai yadda ya faɗa, kada ku gyara masa magana. Jimla uku ko huɗu sun isa. Ku karanta tare kuna bin kalmomin da yatsa. Bayan mako guda ku bar masa kalmar ƙarshe ya rubuta da kansa, sannan jimlar ƙarshe, har ku kai ga ku yi layi ya yi layi. Abin da yake koyo a nan babba ne: cewa maganarsa ta isa a sa ta a takarda.

"Ban san abin da zan rubuta ba" kuwa, laifin tambayar ne sau da yawa. "Rubuta labarin hutunka" ya yi faɗi da yawa. Ku matse shi: me ka fara gani da ka buɗe ido yau? Wace dabba za ka so ta iya magana, kuma me za ta ce maka? Ku bar shi ya zana hoto tukuna, ya sa wa abubuwan ciki suna, sannan ya yi jimla ɗaya a ƙasa. Kuma rubutun ya zama akwai mai jiran karanta shi. Ku keɓe littafi ɗaya na ku biyu: ku rubuta masa gajeriyar tambaya da dare ku ajiye masa, ya ba da amsa, ku mayar masa da taku. A wannan littafin ba a gyara komai. In ya rubuta "makaranda", ku sa "makaranta" daidai a cikin amsarku, zai gani.

Minti biyar zuwa goma a kullum sun fi awa guda a ƙarshen mako. Ku sa agogo a gabansa, in lokaci ya cika a tsaya ko da yana tsakiyar jimla. Wanda aka tsayar yana marmari shi ke dawowa gobe.

Wajen gyara ne aka fi ɓata lamarin. Yaro ya yi gumi ya cika layi biyar, a mayar masa da takarda duk jan biro, me zai sa ya ƙara? Ku fara da abin da ya ce: "Ashe karen ya biyo ka har ƙofa! Sai aka yi yaya?" Bayan nan ku ɗauki kuskure iri ɗaya tak, misali aya a ƙarshen jimla ko lanƙwasar ƙ da ɗ, ku tsaya a kansa har ya zauna. Ku ɗauke abin goge rubutu daga teburin wanda ke gogewa har takarda ta huje, ya ja layi ɗaya a kan kalmar ya wuce. Kada kuma a taɓa mai da rubutu horo. Wanda aka sa ya rubuta "ba zan ƙara ba" sau ɗari ya riga ya haɗa fensir da azaba.

Juya "b" ta zama "d" abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. In ya wuce 8 yana yi, ko hannunsa na ciwo kullum, ko yana manna fuska da takarda, ko karatu ma na ba shi wuya duk da ƙoƙarin da yake yi, a fara da gwajin ido, sannan a zauna da malaminsa a nemi ƙwararre kan matsalolin koyon karatu da rubutu ya duba shi. Ku tafi da littattafansa na 'yan watannin baya, masu kwanan wata a kowane shafi, domin da su ne za a ga inda yake ci gaba da inda ya maƙale.