"Because" da "so" a Turanci: inda ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe

Duk sanda na zauna duba insha'in 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC, da wuya in wuce takarda biyar ban ci karo da irin wannan ba: "I came late because the rain." Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Da Hausa yaron ya yi tunani, kuma a Hausa bai yi kuskure ba. Mu "saboda" ɗaya gare mu, ko'ina tana shiga: saboda ruwa, saboda an yi ruwa. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu. In suna ne kawai ke biye, "because of" ake sawa: "because of the rain". In cikakkiyar jimla ce mai aikau da aikatau, sai "because" ita kaɗai: "because it rained". Haka nake ce musu kullum, ku leƙa abin da ke gaban kalmar kafin ku rubuta ta.

Wanda ya fi damuna shi ne ninki: "Because I was sick, so I stayed at home." Muna cewa "tunda ba ni da lafiya, sai na zauna gida", shi ya sa hannun yaro ke neman abin da zai maye gurbin "sai". Amma "because" dalili take kawowa, "so" kuma sakamako, kuma ɗaya ta isa ta ɗaure jimlar. Ko dai "Because I was sick, I stayed at home", ko "I was sick, so I stayed at home".

"Therefore", wato "saboda haka", ita ma sakamako take kawowa kamar "so", amma ba ta ɗaure jimloli biyu da waƙafi kawai. A sa aya, a fara sabuwar jimla da ita.

Sai "since" da "as". Nan Hausa ma taimakonmu take yi, don aikinsu irin na "tunda" ne: dalilin da mai sauraro ya riga ya sani. "Since you are here, let us start", wato tunda ka zo, mu fara. Ka gwada da kanka. In malam ya tambaye ka me ya sa ka makara, ba za ka fara amsa da "tunda" ba, "saboda" za ka ce. To haka tambayar "why" take, da "because" ake amsa ta.