Yadda ake sauya ƙasa da garin ɓawon kwakwa wajen shuka tumatir da attarugu a cikin gida

Wanda ya saba shuka tumatir a bokiti ko a buhu ya san irin wahalar da ƙasa ke kawowa. Bayan 'yan makonni sai ta daskare, ruwa ya riƙa kwanciya a samanta, ga tsutsar saiwa da cutar da ke sa shuka ta yanƙwane rana ɗaya. Shi ya sa masu noman rumfa da yawa suka koma ga garin ɓawon kwakwa, wanda 'yan kasuwa ke kira kokopit. Yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka ake kawo shi, a matse kamar bulo. Yana riƙe ruwa, yana kuma barin iska ta kai ga saiwa.

Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. Garin kwakwa ba shi da abincin da zai ciyar da shuka. Ƙasa tana da ajiyarta, ko ka manta da taki sati biyu za ta rufa maka asiri. Wannan kuwa abin da ka zuba masa shi kaɗai shukar za ta ci. Mafi yawan waɗanda suka gwada suka ce bai yi ba, sun yi masa irin kulawar da suka saba yi wa ƙasa ne.

Da farko, jiƙa shi. Ka sa bulo mai kilo 5 a babban baho, ka zuba ruwa da kaɗan-kaɗan. Zai kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, don haka kada ka ɗauko ƙaramin mazubi. Ka marmasa shi da hannu har babu sauran dunƙule busasshe a tsakiya.

Sannan wanki. A nan ne ake yawan yin gaggawa, kuma a nan ake asara. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, ɓawonta na ɗauke da gishiri da fotasiyam mai yawa. Ka zuba garin a buhun da ruwa ke ratsawa, ka yi ta kwarara masa ruwa mai kyau. Ruwan farko zai fito ja-ja kamar shayi. Idan kana da na'urar auna gishirin ruwa, wato EC, ka ci gaba har abin da ke fita ya kusa daidai da abin da kake zubawa.

Wanki kaɗai bai isa ba. Garin yana da halin kama kalsiyam da magnesiyam ya riƙe, ya saki fotasiyam da sodiyam a madadinsu. Ka ga ke nan za ka zuba taki cikakke, amma shukar ta nuna yunwar kalsiyam. Maganin shi ne ka ƙosar da shi tun kafin shuka: ka narkar da takin kalsiyam naitiret giram 1 zuwa 2 a kowace lita, ka jiƙa garin a ciki ya kwana, aƙalla awa 8, ka tsiyaye, ka sake ɗauraye shi sau ɗaya. Idan an rubuta a jikin buhun cewa an riga an yi masa wannan aikin, za ka iya tsallakewa, ko da yake ni na fi son a maimaita idan ba a san inda kayan ya fito ba.

Wajen haɗi, kashi 70 na garin da kashi 30 na falayit, wani farin dutse mara nauyi, shi aka fi yi. Falayit na da tsada a wajenmu. Ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya zama gawayi yana yin aikin, kuma duk inda ake casar shinkafa, kamar Kura, ba ya wuyar samu. Tumatir ɗaya na son mazubin lita 10 zuwa 15 mai isassun huji a ƙasa. Ka guji baƙar leda idan rana na dukan wurin, domin zafin Maris da Afrilu yana dafa saiwa.

Game da dashe, abin da ya fi shi ne ka reni sabon iri a cikin garin tun daga tsiro. In kuwa shukar da ke cikin ƙasa za ka mayar, ka yi da yamma. Ka ciro ta da ƙasarta, ka tsoma a bokitin ruwa, ka riƙa kaɗawa a hankali har ƙasar ta zube, fararen saiwoyin su fito. Kada ka murza su. Ka dasa, ka ba ta ruwan taki mai rauni, ka ajiye ta a inuwa kwana 2 ko 3. Shukar da ta taɓa yanƙwanewa haka kawai ba tare da dalili ba, kada ka dasa ta, za ta shigo maka da cutar da kake gudu.

Yanzu ban ruwa, wanda shi ne asalin sauyin. A ƙasa ana jira sama ta bushe kafin a ƙara. A nan ba a bari ya bushe, domin idan ya bushe gishirin taki na taruwa ya ƙone saiwa. Kowane ban ruwa da taki a cikinsa, irin wanda ke narkewa gaba ɗaya, mai ɗauke da ƙananan sinadarai irin su ƙarfe. NPK na tsaba da ake watsawa a gona bai dace ba. Ƙaramar shuka sau ɗaya a rana ya ishe ta, babba mai 'ya'ya sau 2 ko 3, musamman da hunturu da bazara. Ka zuba har kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan ya fito ta ƙasa, kuma ka zubar da shi, kada mazubin ya zauna a ciki.

Ka daidaita pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 5.8 da 6.2. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama ya fi haka, sai ka auna bayan ka haɗa takin, ka sauko da shi da ɗan asid ɗin da ake sayarwa don haka. Ƙarfin taki kuwa, da na'urar EC ɗin nan ake auna shi: wajen 1.0 ga tsiro, a ɗaga a hankali zuwa 2.0 ko 2.5 idan tumatir ya fara 'ya'ya. Idan kana dama taki mai kauri don ajiya, kalsiyam naitiret jarkarsa daban, masu salfet da fosfet tasu daban. In suka haɗu da kaurinsu sai su kwanta fari a ƙasan jarka, shuka ba ta amfana.

Ka riƙa duba ganye kowace safiya. Tsofaffin ganye sun yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin na nan kore, magnesiyam ne ya yi ƙaranci, ɗan gishirin Epsom, wato magnesiyam salfet, kamar rabin giram a lita zai gyara. Gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, kalsiyam bai isa ga 'ya'yan ba, kuma sau da yawa tsallaken ban ruwa ne ya jawo. Bakin ganye ya ƙone, gishiri ya taru, sai ka wanke mazubin da ruwan taki mai rauni har ya fita sosai.

Bayan girbi kada ka zubar da garin. Ka tsince tsofaffin saiwoyi, ka wanke, ka sake jiƙa shi a ruwan kalsiyam, zai yi maka shuka 2 ko 3 muddin wadda ta gabata ba ta kamu da cuta ba.