Sayen tsohon jirgin kamun kifi na teku: abin da za ka duba kafin ka biya

Jiragen da ake magana a kansu su ne waɗanda aka ƙera a gabar gabashin Amurka tsakanin shekarun 1960 da 1980, don masu fita can tsakiyar teku da fatsa suna neman manyan kifaye irin su tuna da malin. Fitattun sunaye a cikinsu su ne Bertram na Miami, Hatteras na Karolina ta Arewa, da Viking da Post da Egg Harbor na New Jersey. Hatteras ta fito da jirginta na farko mai ƙafa 41 na fibagilas (zaren gilashi da ake haɗawa da ƙaro ya daskare) a 1960, Bertram 31 kuma ya shigo kasuwa a 1961, bayan jirgin da aka kwaikwayi ƙirarsa ya lashe tseren Miami zuwa Nassau a 1960. Gangar jikin waɗannan jirage tana da kauri, domin a lokacin maƙeran ba su gama sanin iya ƙarfin fibagilas ba, sai suka riƙa jibga shi. Shi ya sa gangar jikin ba ita ce ke cin kuɗin mai saye ba. Injuna ne, da ruwan da ya ɓuya a cikin katako, da tankin mai, da wayoyin lantarki.

Fara da girman da aljihunka zai iya riƙewa, ba wanda zai iya saya ba. Bertram 31 jirgin wuni ɗaya ne: filin kamun kifinsa na baya babba, ɗakinsa ƙarami, kuma ya yi ƙaurin suna wajen jiƙa mutane da feshin ruwa. Bertram 46 da Hatteras 53 suna da ɗakunan kwana da kicin da banɗaki, amma kuɗin wurin ɗaure jirgi da na fenti da na ɗaga shi daga ruwa duk da ƙafa ake lissafa su. Injin dizal na shan kimanin galan ɗaya a awa a kan kowane ƙarfin doki 18 zuwa 20 da yake bayarwa, don haka jirgi mai injuna biyu na doki 435 kowanne zai iya shanye galan 40 a awa guda yana tafiyar yau da kullum. Masu harkar kan ce ka ware kashi 10 cikin ɗari na darajar jirgi don hidimarsa duk shekara. A kan jirgin da ya haura shekara 40, wannan lissafin ya yi kaɗan.

Tallace-tallacen suna nan a shafuka irin su YachtWorld da Boat Trader. Tun a waya ka tambayi dillali abu uku: awa nawa injunan suka yi tun garambawul na ƙarshe, wa ya yi aikin, kuma akwai rasit? Idan an ce “an yi musu garambawul” amma babu takarda, ka ɗauka ba a yi ba, ka yi tayi a kan haka. Tambayi kuma tsawon lokacin da jirgin ya yi a ajiye. Wanda ake fita da shi duk mako ya fi wanda ya shekara uku a ɗaure lafiya, ko da agogon injinsa ya nuna awanni kaɗan.

Zuwanka na farko ba sai da gwani ba. Tafi da tocila da ƙaramar guduma mai kan roba. Cire takalmi ka taka ko'ina: filin baya, saman gaba, da ɗakin tuƙi na sama. Yawancin waɗannan wurare fibagilas ne falle biyu da wani katako marar nauyi da ake kira balsa a tsakiya. Duk inda aka huda aka ɗaura ƙusa ba tare da an toshe ramin da kyau ba, ruwa na bi ya shiga, balsa ta jiƙe ta ruɓe kamar dafaffen rogo. Idan ka ji wuri yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafarka, ƙwanƙwasa shi. Lafiyayyen wuri na ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Ka fi mayar da hankali a gindin kujerar jan kifi, ƙafafun hasumiyar alminiyon da ake hawa don hango kifi, da kewayen ƙarfen riƙo. A cikin falo, dubi katakon da ke ƙarƙashin tagogi. Baƙin tabo a nan na nufin tagar ta daɗe tana yoyo, kuma ruwan bai tsaya a nan ba.

Sai ɗakin inji, inda rabin kuɗin jirgin yake. Yawancinsu Detroit Diesel ne ke ciki: 6-71, 8V71, 6V92 ko 8V92. Lambar farko yawan silinda ce, ta biyu kuma girman kowace silinda a inci kubik (awon abin da cikinta ke ɗauka), wato 8V71 jimillarsa 568. Wannan lissafi na da amfani, domin gwargwadon yadda aka matsa wa inji da tobo (na'urar da ke tura masa ƙarin iska) ya ba da doki mai yawa, gwargwadon gajartar ransa. 8V71 marar tobo na daɗewa ƙwarai. Wanda aka kai kusan doki ɗaya a kowane inci, ba ya nisa kafin ya nemi garambawul. Alherin Detroit shi ne ana iya canja masa rigar silinda da fistan yana cikin jirgi, kuma a gefensa akwai ƙananan murafu da makanike zai buɗe ya leƙa ringi da bangon silinda ba tare da ya sauke komai ba. Ɗigon baƙin mai a jikinsa halinsa ne, kada ya firgita ka. Caterpillar 3208 kuwa ba shi da rigar silinda, idan ya gaji sai an ciro shi an kai wurin gura, kuma ciro inji daga irin wannan jirgi wani lokaci sai an yanka ƙasan falo. Bertram 31 da aka riga aka sauya wa injunan fetur da Cummins 6BTA ya fi tsada, amma wani ne ya riga ya biya maka wahalar.

Ka nemi kada a tayar da injin kafin ka iso, kuma ka ɗora hannu a kansa ka tabbatar da sanyi yake. Lafiyayyen Detroit na tashi nan take, ya yi farin hayaƙi na ɗan lokaci ya washe. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa na nufin yana ƙona baƙin mai.

Tanki kuma: Bertram da Hatteras sun yi amfani da tankin fibagilas, wanda da dizal ba ya ba da matsala. Amma fetur mai gaurayen etanol da ake sayarwa a Amurka yana narkar da ƙaron tsohon tanki, ya bi mai ya manne a bawul ɗin inji. Tsohon Bertram mai fetur da tankinsa na asali, ka sa kuɗin sabon tanki a lissafi. Tankin alminiyon kuwa daga ƙasa yake ɓulewa, inda ruwa ke kwanciya kuma ido ba ya kaiwa, don haka warin dizal a ƙasan jirgi ba abin wasa ba ne. Tsofaffin Hatteras da yawa lantarkinsu na batir bolt 32 ne, kuma famfo da fitila na wannan awo sun fara wuyar samu. Wutar jirgin gaba ɗaya ta Amurka ce, 120 da 240 a kan hez 60. Mai niyyar kawo shi Legas ko Tema, inda wuta take 230 a kan hez 50, ya san da aikin gyara a gabansa.

Idan jirgin ya tsallake wannan, ka yi tayi a rubuce. Al'adar kasuwar ita ce kafin alƙalami na kashi 10, wanda ke zama a asusun amana na dillali, da sharaɗin za a mayar maka idan bincike ko gwajin teku bai gamsar da kai ba. Ɗauki masu bincike biyu da kanka, ba waɗanda dillalin mai jirgi ya nuna maka ba: ɗaya na gangar jiki mai rajista da SAMS ko NAMS (ƙungiyoyin masu binciken jirage na Amurka), ɗaya makaniken da ya san irin injin. Kai za ka biya su, kai za ka biya ɗaga jirgin. Idan an ɗaga, za a duba ƙurajen da ke fitowa a ƙasan fibagilas. Ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa sun zama ruwan dare a tsofaffin Hatteras kuma abin ciniki ne kawai, amma masu faɗin tafin hannu da suka ci cikin falle suna buƙatar a kankare ƙasan jirgin a shanya shi watanni. A girgiza sandar farfela a ga ko robar da ke riƙe da ita ta cinye, a murɗa kowane famfon da ya huda jikin jirgi. Wanda ya ƙi rufuwa, ranar da tiyonsa ya fashe ba abin da zai tsayar da ruwa.

A gwajin teku a cika tankin mai da na ruwa, domin jirgi marar kaya na ɓoye laifin inji. Bayan ya ɗauki zafi, a buɗe masa wuta har ƙarshe na minti 5 zuwa 10. Detroit 8V71TI da 8V92TA ya kamata su kai juyi 2,300 a minti, Caterpillar 3208 kuma 2,800, kuma da na'urar hannu za a auna, don agogon gaban direba na yin ƙarya. Injin da ya tsaya a 2,100 yana baƙin hayaƙi, ko farfela ta yi masa nauyi ko ya gaji, kuma idan ya shekara yana aiki a haka, ya riga ya ci rabin ransa. Zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 85 na Selsiyos kada ya yi ta hawa. Da an dawo, a ɗebi samfurin baƙin mai daga injuna da giya da janareto a kai ɗakin gwaji. Sodiyam ko fotasiyam a ciki na nuna ruwa na shiga mai. Idan mai jirgin ya canja mai jiya-jiya, gwajin ba zai nuna komai ba.

Kafin ka sa hannu, kai rahoton binciken wurin kamfanin inshora, domin da yawa ba sa karɓar jirgin da ya tsufa haka sai an gyara abin da rahoton ya lissafa, kuma a Fulorida za su nemi sanin inda za ka kai shi a lokacin guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Gwada lambar gangar jiki da ke bayan jirgin ta hannun dama da wadda ke takarda. Jiragen da aka ƙera tun daga Nuwamba 1972 duk suna da ita, haruffa da lambobi 12. Idan jirgin na da rajistar tarayya, nemi tarihin mallakarsa daga hukumar tsaron gabar tekun Amurka, a nan za ka ga ko banki na binsa bashi, domin a dokar teku bashi jirgi yake bi, ba tsohon mai shi ba.