Yadda Ake Gwada Wutar Bawul ɗin Tururin Fetur

Idan fitilar inji ta kama, na'urar OBD mai karanta lambobin matsalar mota kuma ta nuna P0443, P0444 ko P0445, matsalar tana layin wutar bawul ɗin da ke sakin tururin fetur daga gwangwanin gawayi da ke tara shi zuwa inji. Kada ka yi garajen sayen sabon bawul.

Fara da fiyus. In lafiyarsa lau, kashe mota ka zare filogin bawul, ka duba ko haƙoransa sun yi tsatsa.

Sai ka sa mitar gwada wuta a ma'aunin ohm, ka taɓa ƙafafun bawul biyu. Da yawa suna nuna 20 zuwa 30, amma littafin motarka ne alƙali. In mita ta nuna OL, wayar cikin bawul ta tsinke. In ta kusa sifili, wayar ta haɗe.

Yanzu mayar da mita kan bolt, ka murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Waya ɗaya ta filogi ta ba ka bolt 12. Ɗayar ta kwamfutar mota ce, kuma nan ma akan samu ɓarna, domin zafin inji da ɓera suna cinye ta. Bi ta a hankali har ƙarshe.

Don Allah, ban da sigari kusa da wurin.