Yadda ake gano matsalar lantarki a injin gudu na cikin gida

Injin gudu, wanda wasu ke kira tiredmil, ya shiga gidaje a Birnin Kebbi da Argungu da Yauri, musamman gidajen masu hawan jini ko ciwon suga da likita ya umurta da tafiyar ƙasa kullum, da matan da ba su son fita titi motsa jiki. Ranar da ya ƙi tashi, abin da aka fi gaggawar yi shi ne a ce fanel, wato faifan lantarkin da ke kusa da moto yana sarrafa wutarsa, ya ƙone a nemi sabo. A ganina wannan kuskure ne mai cin kuɗi, domin fanel ba ya mutuwa haka kawai, kuma idan ba a gano abin da ya kashe shi ba, sabon ma zai bi sahunsa. Hanyar da ta dace ita ce a bi wutar daga bango har zuwa moto, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Kafin komai, a duba makullin tsaro, wato ɗan maganaɗisun nan mai igiya da ake maƙalawa a gaban allon da ke nuna lambobi. Idan bai zauna daidai ba injin ba zai motsa ba, kuma yara kan cire shi su yi wasa da shi.

Daga nan sai soket. A jona dutsen guga a wurin, domin shi ma mai jan wuta ne sosai, kuma fitila ko cajar waya za su iya kamawa a soket ɗin da ba zai ɗauki inji ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce, saboda haka idan akwai mita a auna. Idan ta faɗi ƙasa da 200, allo zai iya kawo haske amma moton ya kasa jan mutum. A karanta takardar da ke manne kusa da inda waya ta shiga injin, domin injinan gwanjo da aka kawo daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma jona su kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba yana ƙona fanel nan take. Batun janareta ma yana nan. Moton injin gida yakan kai ƙarfin doki ɗaya da rabi zuwa uku, kowane doki kuwa wat 746 ne, don haka ƙaramin janaretan da ke riƙe fanka da talabijin ba zai iya da shi ba. A guji doguwar wayar ƙari mai siririn ciki, a ba injin soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa, a kuma sa masa sitabilaiza da ta fi ƙarfinsa.

Idan wutar bango lafiya take, a buɗe filogi a gwada fiyus ɗinsa, wanda yawanci na amfiya 13 ne, sannan a danna ɗan maɓallin da ke gefen makunni, wanda kan tsinke wuta idan injin ya ja fiye da kima. Fiyus ɗin da ya ƙone a sauya shi da irinsa. Kada a naɗa masa waya, domin gobara ake gayyata.

Sai buɗe murfin moto, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. A zare filogi daga bango gaba ɗaya, a jira kamar minti 10, saboda manyan kafasitocin fanel, wato 'yan gwangwanayen da ke jikinsa, suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma suna iya jan mutum. Hanci da ido su fara aiki: ƙaurin ƙuna, baƙin tabo, kafasita da ta kumbura, ko wayar da ɓera ya ci. Ƙurar hunturu takan taru a nan ta hana iska sanyaya kayan, sai zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, ya ƙarasa su. A share ta da busasshen burushi ko abin hura iska, ban da ruwa. A bi wayar da ta taso daga fanel ta cikin ƙarfen gefe zuwa allo, domin takan matse wajen haɗa inji ko naɗe shi, kuma idan ta tsinke allo ba zai kawo haske ba ko da fanel lafiya lau.

Yadda injin ke nuna ciwonsa yana faɗin inda ciwon yake. Idan bel, wato shimfiɗar da ake takawa, ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya, allo ya nuna wata lamba, a fara zargin na'urar auna gudu da ke kusa da rolar gaba ko jikin moto, a goge ta, a tabbatar ba ta goce ba. Ma'anar lambar kuwa a littafin injin za a duba, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Idan moto yana tartsatsi ko yana fizga, a kwance kabon biyun da ke gefensa, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin moto, a ga ko sun cinye. Idan kuwa da an kunna bel ya zabura da cikakken gudu, kada kowa ya hau, domin fanel ya lalace, aikin mai gyaran lantarki ne.

Ciwon da ya fi yaudarar mutane shi ne injin da ke tafiya daidai babu kowa, amma da an hau sai ya rage gudu ko ya tsinke wuta bayan ɗan lokaci. Sau da yawa laifin bel ne da ya bushe, yana gogar katakon ƙasa, moto yana jan wuta fiye da ƙarfinsa har fanel ya yi zafi. A kashe injin, a tsaya a kai, a tura bel da ƙafa. Idan ya yi tauri, a ɗaga gefensa a shafa man silikon a ƙarƙashi. Baƙin mai da giris da man gyaɗa duk suna lalata bel. Bayan an shafa, a bar injin ya yi tafiya a hankali na minti 5 babu kowa, sannan a hau a sake gwadawa.